Rainin hankali ne ko "ai fim ne"? Fashin baƙi kan gardamar ɓaraka a fina-finan kimiyya

Idan kumbo ya tashi daga wannan tauraro ya isa wancan cikin ƙiftawar ido, kuma masu fim ba su gaya mana da wane irin mai yake tafiya ba, kuskure suka yi ke nan? Idan ekta ya koma shekara talatin baya ya tarar da mahaifinsa yana saurayi, labarin ya karye ko yana nan daram? Irin tambayoyin da ke raba kan matasa ke nan a teburin mai shayi a Garwa da Marwa, da gidajen kallo na Kusiri da Njamena, duk lokacin da wani sabon fim na ƙagaggen labarin kimiyya ya fara zagayawa a wayoyi. Wasu su ce "wallahi rainin hankali ne", wasu su ce "haba ɗan'uwa, ai fim ne". Murya ta yi sama, shayi ya huce, a tashi kowa yana kan bakansa.

Abin da ya hana gardamar ƙarewa shi ne ana haɗa abubuwa daban-daban a kira su da suna ɗaya, wato "ƙarya". Wani abin ƙarya ce da aka yi da yardar mai kallo, wani kuskure ne na ilimi, wani kuma sakaci ne na marubuci. Akwai ma wanda masu fim ba su san da shi ba, a hanyar zuwa wayarmu ya samu.

Me ake nufi da ɓaraka a labari?

Fim ɗin ƙagaggen labarin kimiyya shi ne wanda ya ɗauki wata na'ura ko wani ilimi da babu shi a yau ya gina labari a kai: tafiya tsakanin taurari, mutum-mutumi mai tunani, komawa baya cikin lokaci, halittun wata duniya. Ya bambanta da fim ɗin bokaye da aljanu domin yana iƙirarin cewa abin da ake gani aikin injiniyoyi ne. Wannan iƙirari ne ya jawo masa bin diddigi. Ba mai tambayar boka lissafi. Amma wanda ya sa farar riga ya tsaya gaban allo ya ce kimiyya yake yi, shi da kansa ya buɗe ƙofar tambaya.

Mafi yawan abin da ake cafkewa a ce an kama kuskure, na'ura ce kawai da ba a yi bayaninta ba. Sai kuma kuskuren kimiyya, inda fim ya nuna abin da ya saɓa wa yadda Allah Ya tsara halitta kamar yadda masana suka auna. Akwai kuma wautar ekta, irin "me ya sa bai gudu ba tun da ya ga bos ɗin?" Wannan ba ma sai an tsaya a kansa ba, domin mutane na gaske suna tafka abin da ya fi haka kullum. Ɓaraka ta ainihi ita ce fim ya kafa doka da bakinsa, sannan ya taka ta ba tare da dalili ba, don kawai marubucin ya shiga lungu yana neman mafita.

Bahaushe ya san wannan bambanci tun yana yaro. Idan kaka ta ce "ga ta nan, ga ta nanku", aka amsa "ta zo mu ji ta", an ƙulla yarjejeniya. Ba yaron da zai tambayi dalilin da ya sa Gizo yake magana ko yadda aka yi ya auri Ƙoƙi. Amma kaka ta ce Gizo ya ƙone ƙurmus a tsakiyar labari, sai ga shi a ƙarshe yana cin tuwo ba bayani, nan take yara za su ce "Kaka, ai kin ce ya mutu!" Maganar Gizo an yafe ta tun farko. Mantuwar kaka ce ba a yafewa.

Ƙaryar da ba makawa sai an yi ta

Nisan da ke tsakanin taurari ya wuce yadda hankali ke ɗauka. Haske na gudun kilomita kusan 300,000 a daƙiƙa ɗaya, wato zai zagaye duniyarmu sau bakwai da rabi kafin ka ce kwabo. Duk da wannan gudu, hasken tauraro mafi kusa da rana, Proxima Centauri, sai ya yi shekara huɗu da 'yan watanni kafin ya iso mu. Kumbon Voyager 1, wanda Amurka ta harba a 1977, yana tafiyar kilomita wajen 17 a daƙiƙa. Da can ya nufa, zai ɗauki fiye da shekara 70,000 a hanya. Kuma tun 1905 lissafin Albert Einstein ya nuna cewa babu wani abu mai nauyi da za a iya tura shi har ya kai gudun haske, balle ya wuce.

To, marubucin da ke son yaƙi tsakanin taurari zaɓi biyu gare shi: ko ya haƙura da labarin, ko ya ƙirƙiri injin da ya fi haske gudu ya wuce wurin. Ba zai iya bayyana yadda injin ke aiki ba. Da ya iya, da ba fim zai yi ba, lambar Nobel zai je karɓa.

Wani lokacin ma aljihu ne ke haifar da na'urar. Shirin talabijin na Star Trek, wanda ya fara a 1966, ya shahara da wata na'ura da ke narkar da mutum a cikin kumbo ta sake haɗa shi a doron wata duniya. Asalinta rashin kuɗi ne: nuna saukar kumbo a kowane mako ya fi ƙarfin kasafin masu shirin. Daga baya masu kallo da suka karanci kimiyya suka ce ai ƙa'idar da Werner Heisenberg ya fitar a 1927 ta nuna ba za a iya sanin wuri da gudun ƙananan ƙwayoyin halitta daidai a lokaci ɗaya ba, to yaya za a kwafi mutum ƙwaya-ƙwaya? Sai masu shirin suka ƙara wani ɗan sashe a na'urar suka sa masa sunan Heisenberg, suka ce shi ke magance matsalar. Da aka tambayi ɗaya daga cikinsu, Michael Okuda, yadda sashen ke aiki, amsar da ya bayar ita ce yana aiki lafiya lau. A ganina wannan amsa ta isa. Sun nuna sun san da matsalar, kuma ba su yi da'awar sun warware ta ba.

Inda kimiyya ta ce a'a, da inda mai kallo ne ya yi kuskure

Kuskuren kimiyya mafi yawa shi ne ƙara. Sauti na buƙatar iska ko ruwa ko wani abu da zai bi ta cikinsa, sararin samaniya kuwa fayau yake. Duk fashewar da ke girgiza sifika a gidan kallo, a zahiri shiru za ta kasance. Masu fim sun sani sarai. Sun dai san cewa yaƙi babu ƙara ba zai riƙe kowa a kujera ba.

Fim ɗin The Martian na 2015, labarin ɗan sama jannatin da aka bari shi kaɗai a duniyar Mas, ya samu yabo saboda bin ƙa'idar kimiyya, amma guguwar da ta buɗe labarin, wadda ta yi jifa da ɗan sama jannati ta nemi kifar da kumbo, ba za ta yiwu ba. Nauyin iskar duniyar Mas bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na tamu ba, don haka ko tana gudu sosai ba ta da ƙarfin ture mutum. Marubucin labarin, Andy Weir, ya amsa cewa ya san haka, da gangan ya bar ta domin yana son abin da zai raba mutumin da abokan tafiyarsa.

Wanda ya fi tayar da jijiyar wuya shi ne The Matrix na 1999, inda injuna suka kwantar da 'yan Adam suna tatsar wuta daga jikinsu. A yi lissafin da abin da muka sani. Mutum a zaune yana fitar da zafi wajen wat 100. Madatsar ruwa ta Lagdo da ke kan kogin Binuwai an gina ta da ƙarfin megawat 72. Kenan sai an tara mutum 720,000, a kuma kama duk zafin jikinsu ba tare da ɗigo ya zube ba, kafin a yi daidai da Lagdo ɗaya. Babbar matsalar ma ba nan take ba. Wannan zafi daga abinci yake fitowa, kuma jiki ba ya ba da fiye da abin da aka zuba masa. Injin da ke da abincin ciyar da mutum 720,000, gara ya ƙona abincin kai tsaye ya huta da jinya. Nan masu cewa rainin hankali suna da hujja mai ƙarfi, domin dalilin labarin gaba ɗaya a kan wannan ya tsaya.

Sai dai akwai inda mai kallo ke rantsuwa ƙarya ce, alhali fim ɗin ne ke kan gaskiya. A Interstellar na 2014, 'yan sama jannati sun sauka wata duniya kusa da baƙin ramin sararin samaniya (wurin da ƙarfin jansa ya kai ko haske ba ya kuɓuta daga gare shi), inda awa ɗaya take daidai da shekara bakwai a nan. Da yawa a nan suke ajiye wayar su ce abin ya wuce gona da iri. Amma wanda ya yi wa fim ɗin lissafi shi ne Kip Thorne, masanin da ya samu lambar Nobel a 2017, kuma ya nuna hakan na iya yiwuwa idan ramin yana da nauyin rana miliyan 100 yana kuma juyawa da kusan iyakar gudun da zai iya. Tafiyar lokaci a hankali kusa da abu mai nauyi ba ƙage ba ne. Agogunan taurarin ɗan Adam na GPS, waɗanda ke can sama da kilomita 20,000, suna gaba da na ƙasa da kashi 38 cikin miliyan na daƙiƙa a kowace rana. Da ba a gyara wannan bambanci, da taswirar wayar mai mashin a Garwa tana kaucewa da wajen kilomita 10 kullum. Abin da ya yi kama da ƙarya a ido ba shi ne ma'auni ba.

Ɓarakar gaske da sana'ar ɗinke ta

Fim ɗin Terminator na 1984 ya faɗa ƙarara cewa na'urar tafiya cikin lokaci ba ta ɗaukar komai sai abu mai rai. Shi ya sa matafiya ke isowa ba tufafi ba makami, shi ya sa kuma aka lulluɓe mutum-mutumin da aka aiko ta na'urar da naman mutum. Doka ce mai kyau, ta amsa tambayar "me ya sa ba su zo da bindigogin zamaninsu ba?" A kashi na biyu, na 1991, sai ga bos wanda duk jikinsa narkakken ƙarfe ne, ba tsoka ba fata, ya ratso ta na'urar nan, kuma fim ɗin bai ce uffan ba. Wannan ita ce ɓaraka. Ba Einstein aka saɓa wa ba, fim ɗin ne ya saɓa wa kansa.

Labarin komawa baya ya fi kowane saurin yagewa. Tun shekarun 1940 marubucin Faransa René Barjavel ya zayyana matsalar: idan ka koma ka kashe kakanka kafin ya haihu, ba za a haife ka ba, to wa ya koma ya yi kisan? Marubuta na da hanyoyin kaucewa. Ko a ce abin da ya faru ba ya canzuwa, ko a ce duk canji na buɗe wani sabon reshe na tarihi. Kowace aka ɗauka ta yi. Abin da ke ɓata labari shi ne a fara da ɗaya a ƙare da ɗaya saboda ana son ekta ya tsira.

Kamfanonin fim sun gano cewa ɗinke ɓaraka ma kasuwa ce. A Star Wars na 1977, tashar yaƙi mai girman ƙaramin wata ta tarwatse saboda an harba makami cikin wata kafa mai faɗin mita biyu. Shekaru masu kallo suna dariyar injiniyan da ya bar wannan kafa. A 2016, bayan shekara 39, aka yi fim sukutum don a ce da gangan injiniyan ya bar rauni a tashar domin ya rama zaluncin da aka yi masa, fim ɗin kuma ya tara fiye da dala biliyan ɗaya. Haka maganar wani matuƙi a fim ɗin 1977 da ya yi alfaharin gudun kumbonsa da ma'aunin fasek, alhali fasek ma'aunin nisa ne, kimanin tafiyar haske ta shekara 3.26. A 2018 aka fito da bayanin cewa gajeriyar hanya ya bi. Ɗinkin ba kullum yake kamawa ba. A kashin 2017 an tarwatsa rundunar abokan gaba ta hanyar afka mata da kumbo cikin gudun haske, masu kallo suka ce in haka ne me ya hana a yi tun shekara arba'in da suka wuce? Kashin 2019 ya amsa da jimla ɗaya, wai sa'a ce da ba ta maimaituwa. Mutane da yawa ba su karɓa ba, kuma ban ga laifinsu ba.

Ɓarakar da ke samuwa a hanya

Akwai dalilin da ya shafe mu fiye da mai kallo a Faransa ko Amurka: ba kasafai muke ganin fim ɗin yadda aka yi shi ba. A Janairun 2009 manyan gidajen silima uku da suka rage a Kamaru, Abbia a Yawunde, Wouri a Duwala da Empire a Bafusam, suka rufe. Sai a 2016 aka buɗe sabo a Yawunde, wanda ɗan Marwa ba zai yi tafiyar kwana don shi ba. A Njamena an sake buɗe silimar Normandie a 2011, bayan mai shirya fim ɗan Chadi Mahamat-Saleh Haroun ya ciyo kyauta a bikin fina-finai na Cannes da ke Faransa a 2010. Amma akasarinmu wajen masu tura fim a memori muke zuwa, ko mu kalli guntaye a TikTok da Facebook.

Kwafin da ke zuwa hannu sau da yawa an matse shi, an yanke wani wuri don ya shiga waya ko don akwai abin da bai dace da yara ba, kuma a cikin abin da aka yanke ne wani lokaci bayanin yake. Wani ya fara da kashi na uku bai ga na ɗaya ba. Wani an ɗauke wuta a gidan kallo daidai lokacin da farfesan fim ke bayani, da aka tada janareto an wuce wurin.

Sannan ga fassara. Mutum ɗaya ya kalla da Faransanci, na biyu da rubutun Larabci a ƙasa, na uku da fassarar Hausa, inda mai fassara kan ajiye dogon bayanin kimiyya ya saka barkwanci don ya san abin da ke sa a sayi aikinsa. Ko fassarar manyan kamfanoni ba ta tsira ba. A fassarar Faransanci ta Star Wars na 1977, yaƙin sojojin da aka kwafo daga mutum ɗaya an kira shi "Guerre Noire", wato baƙin yaƙi. Da aka zo nuna yaƙin kansa a fim ɗin 2002, mai kallo da Faransanci ba shi da hanyar gane cewa shi ne wanda aka ambata a baya. Mutum uku na iya kwana suna gardama alhali ba fim ɗaya suka gani ba.

Masu bin diddigi da masu kare fim

Masu bin diddigi na cewa wanda ya kashe miliyoyin daloli a kan hoto ba shi da uzurin ƙin biyan wanda zai karanta labarin ya ga inda ya yage. Suna da gaskiya, musamman inda ɓarakar ta taɓa ƙarshen labari. Amma zamani ya lalata wani ɓangare na wannan ɗabi'a. Yanzu ana iya tsayar da fim a koma baya sau goma, kuma akwai tashoshin YouTube da abincinsu ƙirga kurakurai ne, yawan lamba shi ne yawan masu kallo. Sai a riƙa lissafa duk abin da ba a tauna an ba mutum a baki ba a matsayin kuskure.

Masu karewa kuma na cewa fim don motsa zuciya aka yi shi. Haka ne, sai dai "ai fim ne" ba ta wanke komai da komai. Idan na'urar ekta tana iya yin duk abin da marubuci ya ga dama a lokacin da ya ga dama, fargaba ta ƙare, tunda an san wani sabon maɓalli zai fito ya cece shi. Akwai kuma dattawan da ƙorafinsu daban ne, suna ganin labarin sauya abin da ya wuce ko ƙera halitta mai rai kutse ne cikin hurumin Ubangiji. Wannan magana ce ta malamai, tana da muhallinta, ba a warware ta da lissafin gudun haske.

Ina ruwan talaka da wannan gardama?

Ruwansa shi ne kimiyyar fim takan tsallako cikin zancen yau da kullum. A 2018 aka fitar da fim ɗin Indiya mai suna 2.0, wanda ya ginu a kan cewa turakun sadarwar waya na kashe tsuntsaye. Kafin ma a fara nuna shi, ƙungiyar kamfanonin wayar salula ta Indiya ta kai ƙorafi ga hukumar tace fina-finai cewa yana yaɗa tsoro ba tare da hujjar kimiyya ba. A wurin da ake son fim ɗin Indiya kamar namu, irin wannan saƙo ya fi darasin aji saurin shiga kai. Haka wanda aka yi wa sata a shago zai matsa wa mai gyaran waya ya "ƙara hasken" hoton kyamara har fuskar ɓarawo ta fito, don ya ga ana yi a fim, alhali abin da kyamara ba ta ɗauka ba babu inda za a samo shi. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke gyara hoto ƙago fuskar suke yi, kuma fuskar da suka ƙago tana iya kama da ta wanda bai ji ba bai gani ba.

Akwai kuma kishiyar haka. Wanda ya saba cewa komai haɗin kwamfuta ne yakan ƙare da musanta abin da ya faru da gaske, kamar saukar mutum 12 a kan wata tsakanin 1969 da 1972. Hujjar da aka fi kawowa ita ce tutar da ta miƙe a inda babu iska, alhali sanda aka sa mata a sama don ta miƙe.

'Yan damfara ma da yaren fim suke aiki. Feyman da ke nuna baƙaƙen takardu ya ce akwai sinadarin da zai wanke su su zama kuɗi, da masu neman "jan makuri" (wani sinadarin bogi da ake cewa yana da tsadar gaske) a tsofaffin kaya, wanda a 2009 ya sa mutane a Saudiyya suka yi rububin sayen tsofaffin kekunan ɗinki na Singer da tsada, duk na'urar da ba a bayyana ba suke sayarwa. A fim an yarda a ƙyale ta. A kasuwa kuwa tambayoyin mai bin diddigi ne ke tsare aljihu: daga ina ƙarfin yake fitowa, kuma in abin na aiki, me ya sa mai shi yake neman kuɗina?

Ga matasan da ke sha'awar yin irin wannan fim da Hausa ko Fulatanci, hanyar ba a rufe take ba. Jean-Pierre Bekolo ɗan Kamaru ya yi Les Saignantes a 2005, ya sa labarin a Yawunden 2025, ya kuma samu kyauta ta biyu a bikin fina-finan Afirka na FESPACO a Wagadugu a 2007, ba tare da kumbo ko ɗaya ba. A Amurka an yi Primer a 2004 da dala wajen 7,000. Na'urar tafiya cikin lokaci a fim ɗin akwati ne kawai a ɗakin ajiya, kuma dokarta ɗaya ce: ba ta mayar da mutum baya fiye da lokacin da aka kunna ta. Wanda ya rubuta shi lissafi ya karanta, kuma injiniya ne kafin ya shiga harkar fim.